Tafakkuri a Kan Iliyosowas, Ɓoyayyiyar Tsokar Kwatangwalo

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya jera ƙasusuwa bisa mizani, Ya ɗaure su da jijiyoyi, Ya lulluɓe su da tsoka, sannan Ya ba bawa ikon tashi da zama ba tare da bawan ya san ta inda ikon yake zuwa masa ba. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, idan aka ce a yi tafakkuri a kan ƙudurar Ubangiji, hankalinmu yakan tafi ga sama da taurarinta, ko ga ruwan damina da yadda yake raya busasshiyar ƙasa, alhali kuwa a tsakanin cibiyarmu da cinyarmu akwai aya wadda ba ta gaza waɗancan ba wajen ban mamaki. Mutum yakan ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, ya ɗora ta bisa dutse ya wanke a alwala, ya wurga ta ya hau babur ko doki, ya yunƙura daga kwance ya zauna lokacin da ladan ya kira assalatu, duk bai taɓa tambayar kansa ko mene ne ke jawo cinyar nan mai nauyi zuwa ga cikinsa ba. Wadda ke ɗauke da mafi yawan wannan hidima wata tsoka ce da ido ba ya ganinta, hannu ma da ƙyar yake isa gare ta. Masana ilmin tashrihi, wato ilmin sanin sassan jiki, suna rubuta sunanta iliopsoas a littattafansu, a baki kuma a ce iliyosowas, don harafin p na tsakiya ba a furta shi.

Sunan ya yi wa harshenmu nauyi, amma idan aka warware shi sai a ga babu komai a cikinsa face kwatancen gida. Kalmomi biyu ne aka gwama. Ta farko daga Latin take, tana nufin kwiɓi, kuma da ita aka sa wa faffaɗan ƙashin nan na ƙugu suna, wanda mutum yake dafawa idan ya riƙe ƙugu yana tunani. Ta biyu daga harshen Yunan take, tana nufin naman tsatso, wato naman da ke kwance dama da hagun ƙashin baya a wajen kwankwaso. Ma'anar sunan ke nan gaba ɗaya: tsokar kwiɓi da tsatso. Larabawa ma da suka zo fassara shi ba su kauce wa wannan hanya ba, suka ce al'adalatul harƙafiyyatul ƙaɗaniyya, suka jingina ta ga ƙashin ƙugu da kwankwaso. A nan akwai ladabi da ya kamata mu lura da shi. Iyakar abin da masani ya iya yi shi ne ya faɗi inda abu ya taso da inda ya nufa, ya sa masa suna da mazauninsa. Amma dalilin da ya sa aka ajiye shi nan ba can ba, da wanda ya auna tsawonsa da kaurinsa tun jariri yana cikin duhun mahaifa, wannan suna ba ya ɗaukarsa.

An gwama kalmomin ne saboda tsokokin ma biyu ne da suka gwamu. Ta ɗaya, wadda ake kira sowas babba, doguwa ce mai kauri a tsakiya da tsukewa a ƙarshe. Tana tasowa daga jikin ƙashin baya, tun daga na ƙarshe cikin ƙasusuwa 12 na ƙirji, ta bi ta kan ƙasusuwa 5 na kwankwaso tana kama kowanne da faifan guringuntsin da ke tsakaninsu, sannan ta gangaro ta gefen ƙugu. Ta biyu, iliyakus, faffaɗa ce mai siffar mafici, ta shimfiɗu a cikin kwarin ƙashin ƙugu ta cika shi. A can ƙasa sai su haɗu, su kutsa tare ta ƙarƙashin wata igiyar jijiya da ta ratsa matsematsi, su wuce ta gaban gaɓar kwatangwalo, su je su kama wani ɗan tudu da ke jikin ƙashin cinya ta ciki, can wajen baya. Mafari biyu ne, jijiyoyin da ke kawo musu umarni daga laka ma ba ɗaya ba ne, amma makama ɗaya ce, aiki kuma ɗaya. Akwai ta uku, siririya, da ake kira sowas ƙarama, wadda ke kwance bisa babbar. Mutane da yawa an halicce su babu ita sam, wasu suna da ita a gefe ɗaya kawai, kuma babu wanda ya rasa tafiya saboda rashinta. Mai hikima Yakan bambanta bayinSa ko a inda ba mai gani.

Abin da ya fi jan hankalinmu a wannan tafiya tata shi ne lanƙwasar da take yi. Ba ta miƙe sak daga baya zuwa cinya ba. Sai da ta fito gaba, ta hau kan bakin ƙashin mara, sannan ta juya baya ta nufi makamarta, kuma wannan juyi yana ƙara mata damar jan ƙafa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin tsohuwar rijiya ya ga yadda igiyar guga take cin itacen da aka gitta, shekara da shekaru, har ta yi masa kwari mai zurfin yatsa, ita ma igiyar ta tsinke a sake wata. To ga igiya a jikin ɗan Adam tana goga ƙashi a kowane taku, tun daga tatata har zuwa sandar tsufa, ba ta ci ƙashin ba, ƙashin bai cinye ta ba. Sirrin kuwa wata 'yar jaka ce mai santsin ruwa a ciki da aka shimfiɗa tsakanin jijiyar tsokar da gaɓar kwatangwalo, kuma ita ce mafi girma a irinta a duk jiki. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya san za a yi guga, Ya tanadi matashi tun kafin a fara.

Aikinta na asali shi ne naɗe kwatangwalo, wato kusanto da cinya zuwa ga ciki, kuma babu tsokar da ta kai ta ƙarfi a wannan fage. Idan gangar jiki ce a kafe, sai ta ɗago ƙafa. Idan ƙafafu ne a kafe, sai ta jawo gangar jikin zuwa gare su, kamar yadda ake yi wajen tashi zaune daga rigingine. A cikin tafiya kuwa lamarin ya fi haka laushi. Lokacin da ƙafa ta rage a baya, dab da yatsu su bar ƙasa, tsokar tana miƙe, ta ja ta yi tsawo. Daga wannan miƙewa sai ta tsuke, ta fizgo ƙafar gaba, sauran lilon kuma nauyin ƙafar da kansa ya ƙarasa shi. Ba a ɓarnatar da ƙarfi ko kaɗan. Ga kuma wata hidima ta daban da sowas babba take yi a ɓoye: da yake ta kama ƙasusuwan kwankwaso ɗaya bayan ɗaya kafin ta isa cinya, tana taimakawa wajen riƙe su kada su goce yayin da ƙafa ke motsi. Ita ce gadar da ta haɗa ginshiƙin baya da ƙafa kai tsaye.

Ba ita kaɗai ke kewaye da wannan gaɓa ba, kuma rashin adalci ne a yabe ta a manta da abokan aikinta. A baya akwai babbar tsokar ɗuwawu, wadda ta fi kowace tsoka girma a jikin mutum, ita ce ke miƙar da abin da iliyosowas ta naɗe. Da ita ake tasowa daga sujada, da ita ake hawa tudu. A gefe akwai matsakaiciya da ƙaramar tsokar ɗuwawu, waɗanda ke riƙe ƙugu kada ya karkata yayin da mutum ya tsaya bisa ƙafa ɗaya, kuma kowane taku tsayuwa ce bisa ƙafa ɗaya, ko da ta ƙiftawar ido ce. Likitan nan na Jamus, Friedrich Trendelenburg, ya bayyana a 1895 yadda ƙugu ke faɗuwa gefe idan waɗannan suka raunana, har yau alamar tana ɗauke da sunansa. A can ciki kuma akwai wasu ƙanana guda 6 masu juya cinya waje, a cikin cinya akwai masu matse ta. Kowace tana ja ta nata ɓangare, kuma daga wannan jayayya ne daidaito yake fitowa, har kan ƙashin cinya ya zauna daram a cikin kwarminsa, alhali nauyin da ke sauka a kansa a tafiya ta yau da kullum ya ninka nauyin jiki sau biyu da wani abu.

Wani abin lura kuma, tsayuwa cik ba ta cin ƙarfin waɗannan tsokoki sosai. Nauyin gangar jiki yana sauka ne kaɗan a bayan gaɓar, sai wata kakkaurar jijiya da ke gabanta, wadda ake lissafa ta cikin mafiya ƙarfi a jiki, ta ɗaure ta hana mutum faɗawa baya. Shi ya sa dattijo zai iya tsayawa bayan liman a daren Ramadan ana karanta izu guda, ƙafafunsa su yi nauyi amma kwatangwalonsa bai gaza ba. An sauƙaƙa wa bawa tsayuwa gaban Ubangijinsa tun a cikin ƙirar ƙashinsa.

Sanin waɗannan abubuwa bai zo wa mutane a dare ɗaya ba. Jalinus, likitan Yunan da ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya rubuta babban littafi a kan amfanin gaɓoɓi, inda ya bi jiki sashe sashe yana nuna cewa babu abin da aka ajiye a banza, duk da cewa yawancin abin da ya feɗe birai ne da wasu dabbobi. A ƙarni na 9 aka mayar da littattafansa Larabci a Bagadaza, a hannun Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, da almajiransa. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya keɓe fasali fasali ga tsokoki a littafi na farko na Alƙanun, Ibn Nafis kuma, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya yi sharhi na musamman a kan tashrihin da ke cikinsa. An ruwaito daga Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba, cewa shagaltuwa da wannan ilmi yana ƙara wa mutum imani da Allah. Daga baya Andreas Vesalius ya buga littafinsa mai zane a 1543, ya gyara kurakurai da dama da aka gada, domin shi jikin mutum ya duba da idonsa. Sunaye suka yi yawa, kowane malami da nasa, har sai da masana suka taru a birnin Basel a 1895 suka tsayar da jeri guda na Latin, wanda aka yi ta sabuntawa daga baya. Wannan suna mai nauyi da ɗalibin likitanci yake haddacewa a Zariya ko Kano ko Yamai, shi ne takwaransa yake haddacewa a Alƙahira da Landan, kuma a ganinmu wannan alheri ne, domin majinyaci ba ya amfana da saɓanin suna.

Mahauta kuwa sun riga da yawanmu ganin wannan tsoka ido da ido. Idan aka feɗe sa aka fitar da kayan ciki, akwai wani dogon nama sumul da ke kwance ta ciki, dama da hagun ƙashin baya, kusa da inda ƙoda take, mai laushin da wuƙa ke ratsa shi ba gardama, wanda masu otal suke saye da tsada. Wannan ita ce sowas ta dabba. Ta yi laushi ne saboda mai ƙafa huɗu ba ya ɗora mata wahala sosai. Ɗan Adam da aka karrama da tafiya a miƙe, kansa a sama, hannuwansa a sake domin aiki da alƙalami da roƙo, shi ne tasa take miƙe tana hidima yini guda.

Sai dai zurfin mazauninta, wanda ya zama kariya gare ta, shi ne kuma ya sa take da maƙwabta masu yawa, kuma lalurar maƙwabci takan shafe ta. Ƙoda tana jingine da ita ta sama, bututun da ke kai fitsari daga ƙoda zuwa mafitsara yana gangarawa ta kanta, shamakin numfashi ya yi mata baka a samanta, sannan tarin jijiyoyin da ke kai ji da motsi zuwa gaban cinya a cikin namanta suke saƙuwa kafin su fito. A dama kuma 'yar hanjin nan da ake kira afendis takan kwanta kusa da ita. Wannan ne ya sa idan likita yana zargin afendis ta kumbura, yakan kwantar da majinyaci bisa gefen hagu, ya riƙe cinyar dama ya ja ta baya a hankali. Idan tsokar ta miƙe ta gogi wurin da ya kumbura, sai ciwo ya tashi a mara, likita ya sami shaida. Ɓoyayyiya ta zama mai ba da labarin ɓoyayye. A zamanin nan ma likitocin tiyata sukan auna kaurinta a hoton cikin jiki domin su kimanta ƙarfin da ya rage wa tsoho ko wanda ciwo ya daɗe yana ci.

Akwai lalura guda da ta fi cancantar mu tsaya a kanta, domin tana faruwa a garuruwanmu, kuma sau da yawa ba a gane ta da wuri. Tsokar tana cikin wani kube na tantani tun daga baya har cinya. Idan ƙwayar tarin fuka ta kama ƙashin baya, cutar da likitan Ingila Percivall Pott ya siffanta a 1779, fiye da shekara ɗari kafin Robert Koch ya gano ƙwayar a 1882, ƙashin yakan rube ya tara mugunya, mugunyar kuma ta sami wannan kube ta bi shi a hankali har ta ɓullo a matsematsi ko saman cinya. Sai a ga kumburi marar zafi a wuri mai nisa da tushen ciwon, a ɗauka kaluluwa ce ko ƙaba, alhali ɓarnar tana can sama tana cin ƙashi, idan aka yi sakaci ta kai ga ƙusumbi ko shanyewar ƙafafu. Wani lokaci kuma ba tarin fuka ba ne, wata ƙwayar cuta ce ta biyo jini ta zauna a cikin tsokar ta yi ƙurji, kuma wannan ya fi yawa ga yara da matasa a ƙasashe masu zafi irin namu. Alamar da ke tona asirin duka biyun ɗaya ce: mai ciwon yana ɗingishi, yana kwanciya da cinya a naɗe, idan aka yi ƙoƙarin miƙe ta sai ya yi ƙara. Jiki ne da kansa yake sassauta wa tsokar da ke ciwo, kuma wannan naɗewa rahama ce da faɗakarwa a lokaci guda.

Wanda ya koya wa likitoci yadda za su gane naɗewar kwatangwalo da ta ɓuya shi ne Hugh Owen Thomas, mutumin Wales da ya yi aiki a Liverpool, ya rasu a 1891. Abin sha'awa, daga gidan masu ɗori ya fito, kaka da kakanni, sannan ya je ya yi karatun likitanci ya haɗa gado da ilmi. Gwajinsa ba ya bukatar na'ura: a kwantar da mutum rigingine, ya rungume gwiwa ɗaya zuwa ƙirji har bayansa ya manne da shimfiɗa, idan ɗaya cinyar ta ɗago ta ƙi kwanciya, to akwai ɗaurewa a gaban kwatangwalon. Muna girmama masu ɗorinmu, kuma mun san hannuwa da yawa da Allah Ya sanya wa albarka, amma tarihin wannan mutum hujja ce cewa gado yana ƙara daraja idan ya san iyakarsa, ya kuma nemi abin da ya rage masa.

Game da masu lafiya kuwa, haƙƙin wannan tsoka a kanmu kaɗan ne, kuma shi ne motsi. Zama bisa kujera yana ajiye ta a naɗe, kuma wanda ya yini a haka, direban babbar mota ne ko tela ko ma'aikacin ofis, yakan ji gaban kwatangwalonsa ya ɗaure idan ya miƙe, wani har da ciwon kwankwaso. Ba mu tare da masu ɗora mata kowane ciwon baya, domin sabubban ciwon baya suna da yawa, kuma wuce gona da iri a bayani shi ma nau'in jahilci ne. Amma tashi daga zama lokaci lokaci, da tafiya da ƙafa zuwa masallaci da kasuwa, da miƙe cinya baya a hankali, abubuwa ne da ba sa cin ko kwabo, kuma tsufa yana zuwa ya tambayi abin da aka tanada. Dattijon da ƙafarsa ta daina ɗagowa sosai shi ne wanda bakin tabarma ke kayarwa, karayar kwatangwalo a tsufa kuwa musiba ce da ba kowa ke tashi daga gare ta ba.

Saboda haka muna kira ga iyaye da masu ɗori da duk wanda ake kai wa marar lafiya kafin a kai shi asibiti: idan kuka ga yaro ko babba yana zazzaɓi, yana ramewa, yana ɗingishi, cinyarsa a naɗe ta ƙi miƙewa ba tare da ya faɗi ko ya buge ba, kada a ja ƙafar da ƙarfi, kada a tsaga kumburin, kada a ɗaure shi da karare a jira. A kai shi inda za a ɗauki hoton bayansa da cikinsa. Ƙurjin ana zuƙe shi, tarin fuka na ƙashi yana warkewa da izinin Allah idan aka sha magani watannin da aka ƙayyade ba tare da yankewa ba, kuma maganin tarin fuka kyauta ake bayar da shi a asibitocin gwamnati a Najeriya.